Taku Ashirin

Mun bar tantin Inna Jildiz kafin asuba,
tsamin nonon goɗiya bai bar harshena ba,
dunƙulen cuku biyar a aljihu, fulas guda,
babana Toktosun a gaba,
shi da yana ta rufe wa ido tun bara.

Na ce, "Baba, kawo hannu in ja ka."
Ya ce, "Bermet, ke da Bishkek ta cinye wa ƙafa?
Riƙe min jaka dai.
Wannan hanya ta san ni kafin ta san doki."

Sandarsa na tambaya, ƙasa na ba ta amsa.
Nan saiwa, nan tsakuwa, nan gada ta gungume ɗaya
da ƙorama ke zagi a ƙarƙashinta.
Ya haye kamar mai shiga ɗakinsa.
Ni na haye da rarrafe, ina kiran sunan Allah,
na gode da bai gani ba.
Ya ce, "Na ji gwiwarki."

Da hantsi itatuwa suka yi mana sallama,
dogaye, masu ganye kamar allura,
suka tsaya a layinsu, ba su ƙara taku ba.
Daga nan sai dutse kan dutse,
sai iska siririya, wadda ba ta ƙosar da ƙirji,
kamar kunun da aka tsinka wa baƙi da yawa.
Gafiyar dutse ta yi fito, ta faɗa rami.
Mikiya ta auna mu daga sama, ta ga ba mu mutu ba.

A gangare na ƙarshe tsakuwa ta yi mana rowa:
ka ba ta taku uku, ta mayar maka da biyu.
Nan na ji numfashinsa yana tsagewa.
Na ba shi shayi, bai ce komai ba,
bai kuma saki murfin fulas ba sai da hannunsa ya daina rawa.

Sai tafki.
Ba sallama, ba gyaran murya,
kwance a tafin dutse, ƙanƙara ta rataya a kansa.

Ya ce, "Faɗa min launinsa."
Na ce shuɗi. Ya ce, "Ƙarya."
Na ce kore. Ya yi tsaki.
Na ce, "Baba, kamar an zuba madara cikin sama
aka manta ba a dama ba."
Ya ce, "To, shi ne. Bai sake ba."

Amma ya sake.
Daga tsagar dutsen nan, in ji shi, taku ashirin ne
zuwa falalen da ya zauna da uwata
shekarar da suka gudo da tumakin mutane daga guguwa,
ta cire ɗankunne ɗaya ta ba ruwa, don raha.
Ya ƙirga. A na sha huɗu takalminsa ya jiƙe.
Ya koma, ya sake ƙirgawa a hankali,
kamar ɗan kasuwar da ciniki ya ƙi cika masa.

Ni ina ganinsa, falalen,
can ƙarƙashin ruwa, sumul, iya gwiwa.
Ƙanƙarar sama ta yi shekaru tana ramewa,
abin da ta zubar ya haɗiye wurin zamansu.

Ban faɗa ba. Na tuɓe takalmi, na tuɓe nasa.
Sanyin ya ciji ƙashi, ya hau har haƙori.
Sha biyar. Sha shida.
A na ashirin tafin ƙafarsa ya gane,
ya tsaya, ya cire farar hularsa,
ya yi magana da ba tawa ba ce in ji,
sai na juya ina ƙirga duwatsu.

Mun ci cuku uku, biyu muka bar wa hanya.
Da za mu sauka ya miƙo min sanda,
ya ɗora hannu a kafaɗata.
"Saukowa ce ke karya tsoho," ya ce.
"Wuce gaba. Kada ki ja ni fa.
Ki dai riƙa faɗa min inda ƙasa take."